Butoci Goma Sha Biyu

Aikina ware roba. Ana zube mana ita tsibi guda a filin Alhaji Ashafa, can wajen Ƙofar Dukawuya, mu kuma mu zauna a kan buhu mu rarraba: shuɗiya gefe, ja gefe, fara gefe, mai tauri daban, mai laushi daban. Idan buhu ya cika maza su ɗauka su kai bakin inji, inji ya niƙe ta ta koma kamar tsakin masara, a wanke, a shanya, motar kamfani ta zo ta kwashe. Shekara tara ke nan ina wannan zama. Ko idona a rufe, in na ƙwanƙwasa roba da farce zan faɗi irinta da tsibin da za ta shiga.

Sunana Lauratu, amma a filin Inna ake ce mini, har shi Alhajin da na girme shi da shekara biyu kacal.

Ɗana na fari ya rasu bara da damina. Ciwon ƙoda ne, yana da shekara talatin da ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban faɗa ba yana raye. Mu jikokin masu shanu ne. Shanun sun ƙare tun mahaifina yana da sauran ƙarfi, amma kunyar ɗan fari ba ta bi su ba, ta zauna da mu a cikin birni. Ban taɓa kiransa da suna ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In ya shigo gaishe ni, sai in amsa ina kallon murhu. Ranar da aka fita da shi mata sun cika tsakar gida ana ta kuka, ni kuwa ina zaune ina lura da cewa ruwan randa ya kusa ƙarewa, ya kamata a kira mai ruwa. Aka yi ta yaba mini, wai Inna akwai dauriya. Ba dauriya ba ce. Na lalubi cikina ne ban tarar da komai ba, kuma har yau kusan haka yake.

Bayan an yi arba'in na sayar da tunkiyata, na ja 'yata Aminat muka tafi kasuwar Rimi, na sayi butoci goma sha biyu, koraye, masu kauri. Mai shagon ya gaji da ni, don kowace sai da na ƙwanƙwasa na matsa gindinta. Aminat ta kai su wurin mai fenti ya rubuta sunan mamacin a jikinsu da neman addu'a. Ni ba na karatun boko, saboda haka na yi tawa shaidar: na ɗora wuƙa a wuta, na yi wa kowace tsaga biyu ƙanana a ƙarƙashin mariƙi, irin wadda mahaifina yake yi wa maruƙansa a kunne. Muka kai su ƙaramin masallacin bakin lungunmu, muka damƙa wa ladan, Malam Gidaɗo. Ya ce mini duk wanda ya ɗauki ɗaya ya yi alwala, lada zai tarar da yaron a inda yake kwance.

Wannan shi ne abu ɗaya da na taɓa yi masa a bainar jama'a. Kullum da safe in zan wuce wurin aiki sai in ƙirga su da ido a jere a gindin bango. Ba na jin daɗi, ba na jin baƙin ciki. In ƙirga in ga sha biyu, in wuce.

Sai aka fara yaƙi a can ƙasashen da ake haƙo mai. Ba zan ce ga wa da wa ba, don rediyon Zinariya, abokiyar zamana a filin, kullum da sabon suna yake wayar gari. Abin da na riƙe shi ne jiragen ruwa masu dakon mai sun daina wucewa ta wata mashiga. Na ce to, Allah ya kyauta, ina ruwan mai ware bola da jirgin ruwa. Ashe da ruwana dumu-dumu.

Alhaji Ashafa ne ya warware mana. Ya ɗaga wani fasasshen bokiti ya ce, "Inna, wannan da kike gani ɗan'uwan fetur ne, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Shekara tara ina shafa roba, sai a ranar na san daga mai ake yin ta. Ya ce kamfanonin Sharaɗa da Challawa sabuwar ƙwayar roba suke sayowa daga waje su narka. Yanzu ƙwayar ta yi wuya, wadda ake samu kuma ta yi tsadar da ba a taɓawa, shi ya sa suka waiwayo kan niƙaƙƙiyar tsohuwa irin tamu. Manajojin da a da suke barin motarmu ta wuni a bakin ƙofa suna cewa kayanmu da yashi, yanzu su ne suke kiran Alhaji a waya suna tambayar lafiyar iyali. Kuɗin kilo ya ninka, ya sake ɗagawa. Mu ma aka ƙara mana, har da shayi da burodi da safe. Sai dai man injin ya tashi, kuɗin adaidaita ya tashi, kwanon masara ya tashi, ƙarin ya bi ta hannunmu ya wuce ko sallama babu.

Daga nan roba ta yi ƙafa a unguwa. Bahon da mace ta ajiye a ƙofar gida ta shiga ɗauko omo, kafin ta fito ya tafi. Kujerun mai shayi, jarkokin masu ruwa, murfin tanki, kwandon shara, duk suka fara tafiya ba sallama. Kwatocinmu suka yi fes, ko robar lemo ɗaya ba ka gani. Wani baƙo ya zo biki ya yi ta yabon tsaftar mutanen Dukawuya, ba wanda ya gyara masa.

Wata safiya na ƙirga na ga goma. Na sake ƙirgawa. Malam Gidaɗo ya fito daga masallaci yana gyara hula, ya ce, "Inna Lauratu, biyu ba a gan su ba tun la'asar ɗin jiya. Na zaga har bayan gida, babu."

Na ce, "To, Malam." Na wuce aiki.

Ranar Laraba Ɗayyabu ya turo kurarsa filin. Ɗan gwangwan ne, magidanci mai 'ya'ya biyar, yana bin lunguna daga Dala har Yakasai yana sayen tsohuwar roba a hannun mata da 'yan jari-bola da duk wanda ya miƙo masa. Aka auna kayansa aka zube a gabanmu. Na sa hannu cikin tsibin na jawo buta koriya, lafiyayya, ko ƙwarzane babu sai inda aka kankare fenti. Kafin idona ya gane ta babban yatsana ya riga ya sami tsaga biyun a ƙarƙashin mariƙi.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce. Amma ranar na miƙe tsaye, na ji muryata tana tashi ta cika filin, ni kuma kamar ina gefe ina saurarenta. Aka kashe inji. Alhaji ya fito daga rumfarsa.

Ɗayyabu ya yi ta rantsuwa. "Wallahi Inna a buhu aka kawo min, na auna na biya. Mutum nawa nake gani a wuni? Ban ma buɗe ba."

Na ce, "Ban ce kai ka ɗauka ba. Amma Alhaji, tsakani da Allah, wa yake zubar da lafiyayyar buta a wannan zamani? Duk abin da ya zo filin nan da lafiyarsa, na sata ne. A daina saye mana. In ba mai saye, ai ba mai ɗauka."

Alhaji Ashafa mutumin kirki ne, kuma kunya ta kama shi sosai da ya ji ta wace ce butar. Kafin la'asar ya sa an rubuta a bangon filin da jan fenti cewa ba a sayen lafiyayyar roba, sai fasasshiya. Ya bi sauran masu filaye uku na yankinmu ya shawo kansu, su ma suka rubuta. Mai unguwa ya zo da kansa ya yi godiya. Liman ya ambaci abin bayan sallar Juma'a. Mutane suka riƙa cewa dokar Inna, Zinariya kuma ta sa mini suna Alƙaliya, in na zo zama sai ta kakkaɓe mini buhu tana cewa Allah ya ja zamaninki.

Na wanke butar da sabulu na mayar. Sha ɗaya. Kwana goma ina ƙirgawa ina samun sha ɗaya, har na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Litinin na dawo daga aiki na tarar da Malam Gidaɗo tsaye a bakin lungu yana jirana, da guntuwar igiya a hannunsa. Ashe tun ɓatan biyun farko ya zura wa butocin igiya ta mariƙi ya ɗaure a ƙarfen taga, in an zo salla ya kwance. Bayan azahar ya shiga gida cin abinci. Da ya fito sai igiyar ya tarar, an yanke ta. Ko ɗaya ba a bari ba. Dattijon ya yi ta nanata maganar, har sai da na riƙa ba shi haƙuri.

Ban damu ƙwarai ba a lokacin. Na ce a raina, ina za su kai su? Ba filin da zai saya.

Washegari aka zube mana tsibin farko, na ga kore. Na jawo. An tsaga ta da wuƙa daga baki har gindi, sara ɗaya, ta buɗe kamar ƙwaryar da aka fafe. Robar da rana ta kashe ba haka take fashewa ba, takan yi fari-fari ne ta ruɓuɓɓushe a hannu. Wannan bakin yankan sabo ne, yana ƙyalli. Na duba ƙarƙashin mariƙi, ga shaidata.

Sai a lokacin idona ya buɗe a kan abin da kwana goma nake warewa ban lura ba. Bahon wanka sabo fil an huda gindinsa da ƙarfe. Kujera an zare mata ƙafa ɗaya da zarto. Jarka an soke ta a ciki sau uku. An ce sai fasasshiya ake saye, to, ga ta nan an fasa. A da in an sace wa mace baho, takan zo filin ta bincika, wani lokaci ta dace ta koma da abinta. Yanzu ko ta gan shi ba abin da zai tare mata. Ni na kawo wannan, da bakina, a gaban kowa.

A cikin kwana biyu na tsinci bakwai. Sauran ban san filin da suka faɗa ba, wataƙila sun riga sun bi ta inji. Na jera bakwai ɗin a bayana. Zinariya ta dube su ta fashe da kuka, tana share hanci da bakin zane. Na bar ta ta yi, tunda ita tana da shi. Ni dai na ci gaba da jefa ja cikin ja, shuɗi cikin shuɗi, hannuna yana aikinsa ba tare da ya nemi shawarata ba.

Da aka tashi na sami Alhaji a rumfarsa. Na ce, "Alhaji, a goge rubutun nan."

Ya ce, "Wane rubutu, Inna?"

"Na bango. Ni na ce a yi, ni nake cewa a goge. Ba a daina sata ba, lalatawa aka ƙara a kai. Gara su zo lafiyayyu, mai abu ya ga abinsa ya ɗauka."

Ya juya wayarsa a hannu. Sannan ya ce, "Inna, na gani, ba makaho ba ne ni. Amma in na goge, me na gaya wa gari? Na ce Ashafa ya koma sayen kayan sata ke nan. Mai unguwa ya zo nan da ƙafarsa, liman ya faɗa a masallaci. Rubutun nan yanzu shi ne mutuncina. Ki yi haƙuri. In kaya suka sauko, ni zan saya miki sha biyu sababbi, wallahi."

Ban ga laifinsa ba. Na tambaye shi yaushe kayan za su sauko, ya ce sai jirage sun fara wucewa. Na tambaye shi yaushe za su fara wucewa, ya ɗaga hannu sama.

Na leƙa Rimi don in gani da idona. Kuɗin tunkiyar da ya saya mini sha biyu bara, yanzu da ƙyar zai kawo huɗu, kuma ba irin waɗancan ba. Na yanzu da niƙaƙƙiyarmu ake yin su, an tsinka ta, in ka ɗaga buta a rana kana ganin inuwar yatsunka ta ciki. Ba ni da wata tunkiyar ma. Kuma na san lada ba ya zaɓen buta, malamai ba su ce sai koriya mai kauri ba. Na sani sarai. Amma waɗannan ne na ƙwanƙwasa ɗaya bayan ɗaya saboda shi, su nake so.

Akwai wani tsoho a gindin Dala mai liƙin roba. Yana da kaskon gawayi da ƙarafa masu faɗin baki, yana gasa su ya narka roba a kan tsaga har ta haɗe. Na kai masa bakwai ɗin a buhu. Ya juya su ɗaya-ɗaya, ya ce wannan ba aikin tsautsayi ba ne. Na ce na sani. Ya ce liƙi ba ya kamawa sai da roba irin jikinta, saboda haka sai ya yanka wasu ya yi wa wasu ƙyalle. Huɗu za su tafi, uku su tashi.

Na ce ya yi. Na zauna a kan benci ina kallo yana yanka huɗun siri-siri, hayaƙi mai ɗaci yana shiga idona. Ya gama wajen la'asar. Ya cika su da ruwa ya ajiye a kan busasshiyar ƙasa, muka zuba musu ido, ba wadda ta ɗiga. Kowace da baƙin tabo mai kauri daga baki har gindi, munana ƙwarai.

Da zan tafi ya ce, "Hajiya, ki sani, roba sau ɗaya take karɓar wuta. In aka sake tsaga su, kada ki wahalar da ƙafarki zuwa nan."

Malam Gidaɗo da ya gan su sai ya ja da baya. Ya ce, "Inna Lauratu, ki ajiye su a gida tukuna, sai ƙura ta lafa. Yanzu kowa da butarsa yake zuwa daga gida. Ni tsufa ya kama ni, ba zan iya gadi ba."

Na ce, "Malam, a gida wa zai yi alwala da su? Masu zuwa da tasu 'yan unguwa ne. Mai wucewa fa, da ɗan adaidaita, da mai talla? Yau kwana shida ke nan ba abin da ya isa wurin yaron nan."

Ya karɓa ya jera su a gindin bango, ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Ni da shi duk mun san iyakar ƙoƙarin nasa, don dole ya ci abinci, dole ya zaga.

Na kwana ina juya abin. Ɗauka dai za a ɗauka, wannan ba ni da iko a kai. Wuƙar ce nake da magana da ita.

Da safe ban shiga filin ba, na tsaya a bakin titi inda Ɗayyabu yake biyowa da kurarsa. Da ya hango ni ya rage tafiya, don tun ranar Larabar nan yake kauce mini. Muka gaisa, na tambayi iyalinsa.

Na ce, "Ɗayyabu, na mayar da butoci uku masallacinmu. Koraye ne, da baƙin liƙi a jiki, ba za su ɓace maka ba."

Ya ce, "Inna, wallahi tallahi ni ban san wanda..."

"Ban tambaye ka wane ne ba. Ba na son in sani. Masu kawo maka kaya sun san ka, ka san su. Ka gaya musu, duk wanda hannunsa ya kai kan butocin nan, kada ya tsaga. Ya kawo maka su yadda suke, ka biya shi, kai kuma ka kawo mini gida. Abin da sikelin Alhaji zai ba ka zan ba ka, har da ɗori."

Ya saki kurar ya dube ni. "Inna, kayanki ne fa. Ki sayi kayanki a hannun ɓarawo?"

"A hannunka zan saya."

"Haba Inna. In mutane suka ji fa? Ke da aka yi doka da sunanki?"

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kuma ita ce abu na farko da na ji sosai a cikin shekarar nan. Mahaifina ko akuya aka sace masa ba ya zuwa fansa, yakan ce wanda ya biya ɓarawo ya ɗauke shi aiki ne. Ga ni a bakin titi da safe, da furfurata, ina ɗaukar ɓarawo aiki. Na gyara mayafina na ce, "Ka dai gaya musu."

Ya kama kurarsa ya tura.

Kwana huɗu ina wucewa ina ganin uku. Ranar Alhamis da yamma na ga bango ba komai. Malam Gidaɗo yana ciki, na san ya gan ni, bai fito ba, ni ma ban tsaya ba. Na shiga gida na ɗora tuwo. Aminat ta zo da yaranta ta yi ta hira, ina amsawa. Ban gaya mata ba.

Juma'a ba ma aiki. Bayan an sauko daga masallaci ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji sallama a zaure, muryar namiji, ƙasa-ƙasa. Na yafa mayafi na fita. Ɗayyabu ne, da fararen kayansa na Juma'a, ba kura, sai ƙaramin buhu a hammata. Ya ajiye a gabana ya matsa gefe yana kallon ƙofa.

Na durƙusa na buɗe. Uku. Na ɗaga kowace na duba ta a hasken ƙofa, na bi liƙin da yatsa daga sama har ƙasa, na hura iska ta bakin na toshe. Ba a taɓa su ba. Har da sauran ruwa a cikin ɗaya.

Na ce, "Auna."

Ya ce, "Inna, don Allah ki bar shi."

"Ka zo da sikelin ko ba ka zo da shi ba?"

Ya zaro ɗan sikelinsa na rataye daga aljihu. Na zubar da sauran ruwan don kada a ce na cuci kaina, ya zura ƙugiya a mariƙan ukun ya ɗaga. Allurar ta ɗan motsa ta tsaya. Ya matso da ita kusa da idonsa, ya girgiza, ya sake dubawa.

"Ba su kai rabin kilo ba, Inna." Ya sauke sikelin. "Kuɗin ko burodi ba zai saya ba. A kan wannan ne fa duk... Ki bar shi, don girman Allah. Ni na yafe, sadaka ce."

Na ce, "In ka kawo a banza yau, gobe ka kawo a banza, jibi za ka gaji, ka ce musu ba ka saye. Su kuma su koma wa wuƙa. Karɓi."

Na kwance bakin mayafina na ba shi kuɗin rabin kilo cikakke, na ɗora masa na ƙafarsa. Ya karɓa da hannu biyu, bai ƙirga ba.

Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "To Inna, har yaushe za a yi haka?"

"Sai sun gama yaƙinsu."

Na wanke su da sabulu, na cika su da ruwan randa, na ɗauka biyu a hannun dama ɗaya a hagu. Ana kiran la'asar na isa. Na jera su a gindin bango na koma gefe na tsaya kamar mai jiran wani. Wani ɗan adaidaita ya faka, ya fito a gaggauce yana naɗe hannun riga. Ya ɗauki ta tsakiya, ko kallon tabonta bai yi ba, ya tsuguna ya yi bisimilla. Na tsaya har ya wanke ƙafar hagu ya ajiye ta.

Na koma gida na ware canjin zuwan Ɗayyabu na gaba, na ɗaure a bakin mayafi.